Kunya ko Fargaba? Sharhi kan Taurarin Labari da Harshensu ke Sarƙewa a Gaban Masoya

Gabatarwa

Duk mai karanta ƙagaggun labarai ko kallon finafinai ya san wani irin tauraro da ba ya tsufa. Namiji ne mai ilimi, ko mai ƙarfin hali, ko mai kyakkyawar zuciya. A cikin abokansa bakinsa ba ya shiru, amma da zarar mace ta shigo sai harshensa ya sarƙe, gumi ya karyo masa, ya rasa inda zai sa idanunsa. Yana da takwara a cikin mata, wadda hango wanda take so kawai ya isa ya sa ta ruga ɗaki ko ta faɗi sumammiya. Turawa sun rubuta shi, Indiyawa sun yi fim da shi, Japanawa sun zana shi, kuma ta hanyar talabijin da wayar hannu da finafinan da ake fassarawa ya iso gidajenmu.

Kan masu kallo ya rabu game da shi. Wasu na ganin tarbiyya ce ta hana shi magana, don haka abin koyi ne. Wasu na ganin rago ne kawai, abin a yi wa dariya. Wasu kuma na cewa mai larura ne ake wasa da ciwonsa. Tushen ruɗanin shi ne an tara abubuwa daban-daban a ƙarƙashin kalma guda, wato kunya. Manufar wannan sharhi ita ce a rarrabe su, a duba inda wannan tauraro ya samo asali, dalilin da ya sa marubuta ke ƙaunarsa, da irin tasirin da yake iya yi ga matasan da ke ganin kansu a cikinsa.

Ma'anar muhimman kalmomi

*Tauraro* ko *tauraruwa*, a nazarin adabi, shi ne mutumin da marubuci ya ƙaga ya ɗora masa labari.

*Kunya*, a wurin Bahaushe, kamewa ce da mutum ke yi da saninsa don girmama wani ko don tsare mutuncinsa. Tana da ƙa'idoji sanannu: wa ake jin kunya, a ina, kuma ta wace hanya. Uwa ba ta ambaton sunan ɗanta na fari, mace ba ta kiran sunan mijinta gatsal, suruki na kauce wa cin abinci a gaban surukansa. Masanin nan Anthony Kirk-Greene, a nazarinsa na 1974 kan mutumin kirki a idon Hausawa, ya lissafa kunya tare da gaskiya da amana da haƙuri da ladabi.

*Noƙewa*, ko jin nauyin mutane, ɗabi'a ce, ba cuta ba. Mai ita yakan daɗe kafin ya saki jiki da baƙo, amma idan ya saba sai ya ware. Binciken da Philip Zimbardo ya jagoranta a Jami'ar Stanford ta Amurka, wanda ya fito a littafinsa na 1977, ya nuna kimanin kashi 40 cikin 100 na waɗanda aka tambaya sun ce suna da wannan hali.

*Fargabar mu'amala* kuwa larura ce da likitocin ƙwaƙwalwa suka sani. Tsoro ne mai tsanani na kada mutane su ga kasawar mutum ko su raina shi, har ya riƙa guje wa haɗuwa da su. Ta shiga kundin cututtuka na ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka a 1980. Ba a kiran abu da wannan suna sai ya ɗauki wata shida ko fiye, kuma ya kawo cikas ga karatu ko aiki ko zamantakewa.

*Bebantaka mai zaɓen wuri* ita ce yanayin da yaro ke magana tiryan-tiryan a gida amma ya kasa furta ko kalma a makaranta ko a gaban baƙi. Likita Bajamushe Adolf Kussmaul ya bayyana ta tun 1877. An daɗe ana zaton taurin kai ne, sai daga baya aka gane yaron kasawa yake yi, ba ƙi ba, kuma a 2013 aka sanya ta a rukunin larurorin fargaba. Yawanci takan fara kafin shekara 5.

Abin lura, kundin likitoci bai ware wata cuta ta daban mai suna tsoron magana da mata ko da maza ba. Wani malami Ba'amurke, Brian Gilmartin, ya rubuta littafi a 1987 yana neman a ɗauki noƙewa a fagen soyayya a matsayin matsala mai zaman kanta, amma likitoci sun ci gaba da kallon ta a matsayin reshe na fargabar mu'amala.

Asalin tauraron a adabin Turai

Ɗaya daga cikin fitattun misalai na farko yana cikin wasan kwaikwayon Oliver Goldsmith mai suna She Stoops to Conquer, wanda aka fara nunawa a Landan a 1773. Matashi Marlow ba ya iya ɗaga ido ya dubi 'yar manyan gida, in'ina yake yi har a tashi. Amma a gaban 'yan aiki bakinsa a sake yake, har ya wuce gona da iri. Kate, wadda iyaye ke son haɗa su, sai da ta yi shigar 'yar aiki kafin ta ji ainihin muryarsa. Goldsmith ya tona wani asiri a nan: ba mace Marlow ke tsoro ba, hukuncin wadda ta kai ta auna shi yake tsoro. Inda yake ganin ya fi ƙarfi, shirun nasa yakan gudu, ladabin ma ya bi shi.

A Rasha, Fyodor Dostoevsky ya rubuta gajeren labarin da aka fi sani da White Nights a 1848. Mai ba da labarin saurayi ne ɗan shekara 26 a birnin San Fitasbag, wanda ya rayu cikin mafarke-mafarke bai taɓa sabawa da mace ba. Ya haɗu da Nastenka, suka yi hira dare huɗu, daga ƙarshe ta bi wanda take jira tun farko. A nan babu dariya, sai tausayin mutumin da ya gina duniya a cikin kansa har ta waje ta gagare shi.

A Faransa kuma, Edmond Rostand ya fito da Cyrano de Bergerac a 1897, ya raba matsalar gida biyu. Cyrano jarumi ne mai takobi da fasahar harshe, amma girman hancinsa ya hana shi bayyana wa Roxane soyayyarsa. Christian kyakkyawa ne, amma ba ya iya haɗa jimla biyu a gabanta. Sai Cyrano ya riƙa rubuta wasiƙu da sunan Christian. Christian ya mutu a fagen yaƙi, Roxane ba ta gane mai kalaman da ta ƙaunata ba sai bayan shekara 15, lokacin da Cyrano ke bakin mutuwa.

Daga Indiya zuwa Amurka da Japan

Finafinan Indiya, waɗanda Hausawa suka shafe shekaru da dama suna kallo, sun yi riƙo da wannan tauraro. A Chhoti Si Baat na 1976, Amol Palekar ya fito a matsayin Arun, ma'aikacin ofis da ke bin Prabha daga tashar bas kullum ba tare da ya iya bayyana mata soyayyarsa ba, har sai da wani tsohon kanar ya ba shi horon yarda da kai. A Rab Ne Bana Di Jodi na 2008, Shah Rukh Khan ya fito a matsayin Surinder, ma'aikacin kamfanin lantarki a Amritsar, wanda ya kasa faɗa wa matarsa ta aure cewa yana son ta. Sai ya aske gashin baki, ya canja tufafi, ya koma wani mai rawar kai da ake kira Raj, ya shiga gasar rawa don ya samu kusantar ta.

A Amurka, Charles Schulz ya shafe shekara 50, daga 1950 zuwa 2000, yana zana labarin Peanuts a jaridu. Tauraronsa Charlie Brown ya ƙaunaci wata yarinya mai jan gashi tun 1961, bai taɓa iya tunkarar ta ba, kuma Schulz bai taɓa zana fuskarta a jaridar ba. Wannan hikima ce, domin wanda bai taɓa magana da mutum ba, hoton da ya ƙaga yake so, ba mutumin ba.

Misalin da ya fi yaɗuwa a wannan zamani shi ne Raj Koothrappali na shirin barkwanci The Big Bang Theory, wanda ya gudana daga 2007 zuwa 2019, Kunal Nayyar ya fito a matsayinsa. Raj masanin taurarin sama ne ɗan Indiya, amma in ban da mahaifiyarsa da 'yar'uwarsa ba ya iya magana da mace, sai dai ya raɗa wa abokinsa Howard a kunne. Giya ce ke kwance masa harshe. A wani kashi na shirin ya zuba hira da wata 'yar fim a jirgin ƙasa, har sai da aka nuna masa cewa abin da yake sha ba ya bugarwa, nan take bakin ya sake ɗaurewa. A 2013, bayan rabuwarsa da wata budurwa, ya tsinci kansa yana magana ba tare da ya sha komai ba.

A Japan akwai *manga*, wato littattafan labari na zane, da *anime*, wato finafinan zane masu motsi. A Naruto na Masashi Kishimoto, Hinata kan yi jajir ko ta sume idan Naruto ya matso. A Komi Can't Communicate na Tomohito Oda, wanda ya fara a 2016, ɗalibai na ɗaukar shirun Komi a matsayin ƙasaita, alhali tsoro ne ke cin ta. Abokin ajinta Tadano ne ya gane, suka fara hira ta rubutu a kan allo, ta sa burin yin abokai 100.

Me ya sa marubuta ke ƙaunar sa?

Dalili na farko na sana'a ne. Labarin soyayya ba ya tafiya sai da shinge. A da shingen yakan kasance iyaye ko talauci ko bambancin asali. A al'ummomin da waɗannan shingaye suka yi rauni, sai marubuci ya mayar da shingen cikin ƙirjin tauraron. Kalma guda da aka kasa furtawa tana iya riƙe fim na awa uku ko shiri na shekaru.

Na biyu, mai kallo ya san abin da ke zuciyar tauraron alhali wadda ake so ba ta sani ba. Labarin zuciya a tambayi fuska, in ji Hausawa, kuma mai kallo shi ke karanta fuskar. Wannan yana jawo tausayi da zumuɗi.

Na uku, shiru hanya ce mai sauƙi ta nuna cewa tauraro ba mayaudari ba ne. Kusan kullum akan ajiye masa abokin hamayya mai zaƙin baki, don mai kallo ya kammala cewa mai shirun ne mai gaskiya.

Na huɗu, saɓani yana ba da dariya: wanda ya san sirrin taurarin sama ya kasa amsa gaisuwa, wanda ya tunkari takubba ya kasa tunkarar murmushi.

Abin da bincike ya nuna game da musabbabi

Labarai kan rataya matsalar a kan abu guda, kamar hancin Cyrano. A zahiri abubuwa ne ke haɗuwa. Jerome Kagan na Jami'ar Harvard ya nuna cewa kimanin kashi 15 zuwa 20 cikin 100 na jarirai ana haihuwar su da saurin firgita da duk wani sabon abu, kuma sun fi sauran yara yiwuwar tasowa da noƙewa, ko da yake da yawansu kan ware. Sai tarbiyya da abin da yaro ya gani: yawan tsawa, kunyatarwa a gaban jama'a, ko tsokana a makaranta. Sai kuma ƙarancin sabo.

A 1995 masana biyu, David Clark da Adrian Wells, sun bayyana yadda fargabar ke ciyar da kanta. Mai ita yana shiga taro yana sauraron bugun zuciyarsa da rawar muryarsa maimakon sauraron abokin magana, yana zaton kowa na ganin abin da yake ji. Idan ya gudu ko ya yi shiru sai ya samu sauƙi na ɗan lokaci, sauƙin nan kuwa shi ke koya masa ya sake gudu gobe. Wannan ya yi daidai da abin da ya faru da Raj a jirgin ƙasa: abin da ya yi imani da shi ne ya buɗe bakinsa, shi ne kuma ya rufe shi.

Ra'ayoyi mabambanta

Masu goyon baya na cewa waɗannan taurari suna rage wa masu noƙewa kaɗaici. Matashin da ke zaton shi kaɗai ne a duniya yakan samu natsuwa idan ya ga irinsa a matsayin tauraro. Suna ba da misali da Komi, inda aka nuna ci gaba sannu a hankali, ba tare da an mayar da ita wata daban ba.

Masu suka na cewa an mayar da ciwo abin nishaɗi. Bebantaka mai zaɓen wuri yawanci larurar yara ce mai wahalar da iyaye, ba ta bin jinsi kaɗai, kuma ba a warkewa dare ɗaya saboda an rabu da budurwa.

Akwai masu duban lamarin ta ɓangaren mace. A labarai da yawa ita lada ce kawai da ake miƙa wa mai haƙuri. Bin ta a ɓoye da Arun ya yi, ko ɓad da kamar da Surinder ya yi wa matarsa, abubuwa ne da za su tsorata mace ko su ɓata mata rai a rayuwa ta gaskiya. Haka kuma ma'aunin ba ɗaya ba ne: shirun namiji matsala ce da ake nema wa magani, shirun mace ado ne da ake so ya dawwama, ko da yana cutar da ita.

Sai masu cewa wannan duk ma'aunin Turawa ne, inda ake ɗaukar rashin sakewa da kowa a matsayin naƙasu. A ganinsu, al'ummar da ta tsara iyaka tsakanin maza da mata ba ta da dalilin kallon saurayi mai sunkuyar da kai a matsayin mara lafiya. Wannan magana tana da ƙarfi, kuma ita ce ke buƙatar a duba da kyau.

Inda kunyar Bahaushe ta bambanta

Hausawa na cewa tsoro na daji, kunya na gida. Kunya tana da mazauni da tsari, kuma ba ta toshe hanyar biyan buƙata. Saurayi mai kunya yana da ɗan rakiya zuwa zance, yana da ƙanwa ko ƙanen budurwa da za a aika, yana da kawu ko baffa da za su nema masa aure. Bambancin ɗan aike da abin da Cyrano ya yi a fili yake: budurwa ta san wanda ya aiko, kuma ranar da za a zauna a zaure, waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi.

Addini ma ya nuna haka. Hadisai ingantattu sun sanya kunya cikin rassan imani, amma Nana A'isha ta yabi matan Madina saboda kunya ba ta hana su neman sanin addini ba. A ƙissar Annabi Musa a Madyana, an siffanta matar da ta zo kiransa da tafiya cikin kunya, kuma ta isar da saƙon mahaifinta sarai. Littattafan sira sun kawo cewa Nana Khadija ta tura aminiyarta Nafisa don jin ra'ayin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, game da aure. A duk waɗannan, kamewa da isar da magana sun tafi tare.

Saboda haka ma'aunin mai sauƙi ne. Mai kunya yana iya magana, ya zaɓi ya taƙaita. Mai fargaba yana son magana, ya kasa. Mai kunya zai yi wa likita mace bayanin ciwonsa, ya amsa tambayar malama a aji, ya yi ciniki da mai sayar da abinci. Wanda ya bar darasi ko ya ƙi zuwa asibiti ko ya rasa aiki saboda ba zai iya buɗe baki ba, abin da ke damun sa ya wuce kunya.

Tasirin da ake iya samu

Babban hatsarin yana cikin magungunan da labaran ke bayarwa. Na farko shi ne abin sha. An daɗe da sanin cewa masu fargabar mu'amala sun fi faɗawa shaye-shaye don neman ƙarfin hali. A ƙasar da sai da gwamnati ta haramta sarrafawa da shigo da maganin tari mai kodin a 2018 saboda yadda matasa ke shan sa, saƙon cewa kwalba na kwance harshe ba abin wasa ba ne. Na biyu shi ne ɓad da kama, wanda a yau ya koma buɗe shafi da sunan ƙarya ko kwafo kalaman wani a tura ta waya. Na uku shi ne jiran wani masoyi da zai zo ya yi ceto, abin da ke ɗora wa miji ko mata nauyin da ba nasu ba.

Akwai kuma hatsarin da ya fi kusa da mu: larura tana iya ɓuya a cikin yabo. Yarinyar da ba ta iya magana a aji akan ce mai kunya ce, a wuce, har ta kai munzalin aure ba ta iya faɗin abin da take so ko wanda ba ta so. Shari'a ta karɓi shirun budurwa a matsayin yarda don ta sauƙaƙa mata, kuma wannan ya ɗora wa iyaye nauyin tabbatar da cewa shirun na yarda ne, ba na tsoro ba.

Ta ɓangaren alheri, waɗannan labarai na iya buɗe ƙofar tattaunawa tsakanin iyaye da 'ya'ya, ko malamai da ɗalibai. Larurar kuma tana da magani. Hanyar da ta fi samun shaidar bincike ita ce zama da ƙwararre don gyara tunani da ɗabi'a, tare da tunkarar abin tsoron mataki-mataki, wani lokaci a haɗa da magani bisa umarnin likita. Asibitocin ƙwaƙwalwa irin na Kaduna da Kware da Maiduguri da Dawanau, da sassan da ke asibitocin koyarwa, wurare ne da ake iya neman shawara.

Kammalawa

Tauraron da harshensa ke sarƙewa ƙirƙira ce da marubuta suka gina don jan labari, kuma sau da yawa sukan cakuɗa ɗabi'a da larura, su ƙare da maganin da ba ya aiki a zahiri. Mai kallo zai iya jin daɗin labarin ba tare da ya ɗauke shi darasin likitanci ko na tarbiyya ba. Marubutanmu da masu shirya finafinai, waɗanda suka gaji al'adar da ta san darajar kunya, suna da damar nuna taurari masu kamewa da ke iya faɗin gaskiyarsu, su kuma nuna masu fargaba cikin mutuntawa. Iyaye da malamai kuwa, idan suka ga yaro ko matashi mai yawan shiru, ya kamata su bincika ko zaɓa ya yi ko kasawa, domin na farko yabo ya dace da shi, na biyu taimako yake buƙata.